Kurakuran da ake yi wajen tace ɗaliban tuƙin jirgin yaƙi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kalli kuɗin gwajin basira a ce ya yi tsada. Matashi ne a gaban kwamfuta, hannu a kan sandar tuƙi, ƙafa a kan feda, kunne na sauraron lambobi, ido na bin ɗigo a allo. Nawa wannan zai ci? Wanda ya kamata a yi wa lissafi shi ne ɗalibin da ya yi watanni yana ƙona man jirgi, yana cin lokacin malami, sannan aka sallame shi. A 2019 cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa horar da matuƙin jirgin yaƙi na F-16 ɗaya yana cin Amurka kusan dala miliyan 5.6, na F-22 kuwa kusan miliyan 10.9. Ko ɗan ɓangaren wannan kuɗi ya isa a gwada ɗaruruwan matasa.

Akwai kuskuren da ya fi damuna, don masu hankali ma suna faɗawa cikinsa. Sai a duba waɗanda aka riga aka ɗauka, a ga makinsu bai bambanta sosai ba, a ce gwajin bai da amfani. Ai an riga an tsame masu ƙaramin maki, ta yaya za a ga bambancin? A Yaƙin Duniya na Biyu, shirin da masanin halayyar ɗan Adam John Flanagan ya jagoranta a rundunar saman Amurka ya warware wannan. Suka tura mutum sama da 1,000 horo ba tare da duba makinsu ba. Masu maki mafi ƙasa a ma'aunin 1 zuwa 9 kusan duk suka faɗi, yawancin masu maki 9 kuwa suka kammala. Maganin shi ne a adana makin duk wanda ya nema, har da waɗanda aka ƙi, kafin a yanke wa gwajin hukunci.

Dogaro da takardun makaranta ko kyawun magana a intabiyu ma ɓata kuɗi ne. Maimakon haka, Amurka tana haɗa jarrabawar AFOQT ta masu neman zama hafsoshin sojan sama da gwajin hannu da ido na TBAS da sa'o'in da mutum ya taɓa tuƙi, ta fitar da maki ɗaya daga 1 zuwa 99.

Sannan a ƙayyade sau nawa za a maimaita gwaji, da tazara a tsakani. Wanda ya zauna sau biyar a jere ya haddace allon ne.