Yadda na gyara lesar rubidiyam mai tsalle

Alhamdulillahi, lesar ɗakin gwajinmu a nan Kaduna, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai mita ɗaya, ta zauna. Mai diyod ce (ɗan ƙaramin abin lantarki da ke fitar da hasken), da giratin a waje (wani irin madubi mai ƙananan layuka da ke rarrabe haske) bisa tsarin Littrow, inda giratin ke mayar da wani ɓangare na hasken cikin diyod, kuma aikinta ta tsaya a tsawon zangon haske na nanomita 780, wanda sinadarin rubidiyam ke sha, ana kiransa layin D2. Kafin gyaran, da na fara karkaɗa mitar hasken da fiyezo (abin da ke ɗan motsa giratin da lantarki) sai ta yi tsalle zuwa wata mita, alamar cewa rubidiyam na shan hasken ta ɓace daga osiloskof, allon da ke nuna sigina.

Na zargi zafi, don in aka ɗauke wuta aka koma janareta ɗakin kan ɗumama. To amma na'urar daidaita zafi tana nan daram a digiri 20. Na goge ƙurar hunturu daga madubai, shiru.

Ashe giratin ne ya goce, hasken da yake mayarwa ba ya shiga diyod sosai. Na rage wutar diyod har ƙasa kaɗan da inda take fara haskawa. Na riƙe katin ganin infared, hasken da ido ba ya gani sosai, a gaban lesar, ina murɗa sukurun da ke ɗaga giratin sama da ƙasa a hankali, kamar mai neman tasha a rediyo, har ɗigon haske a kan katin ya yi wal. Na ƙara rage wutar, na maimaita, har matakin da take fara haskawa ya daina sauka. Nan ake bukatar haƙuri, murɗi kaɗan ya wuce wurin.

Sannan na mayar da wutar matakin aiki, na juya sukurun gefe har kwalbar tururin rubidiyam da hasken ke ratsawa ta haska a kyamara. Kwalbar ma na ɗan karkatar da ita, kada gilashinta ya mayar da haske cikin lesa.

Godiya ga Malam mai kula da ɗakin da ya ara mini katin.