Darasi na 9: Kiran Lambar Kyauta Daga Wata Ƙasa

Akwai lambobin waya da ake kira ba tare da an cire wa mutum ko kwabo daga katinsa ba. Bankuna da kamfanonin jiragen sama da wasu ma'aikatu kan buɗe irinsu domin masu hulɗa da su. A Najeriya irin wannan lamba da 0800 take farawa. Kada ku haɗa ta da mai farawa da 0700, wadda bankuna da dama suke amfani da ita, domin ita wannan ana cire kuɗi.

To wa ke biyan kuɗin kiran, tunda kamfanin waya ba sadaka yake yi ba? Mai lambar ne yake biya. Duk mintin da kuka yi kuna magana, a kansa ake rubutawa. Shi ya sa yake iyakance inda za a kira shi, kuma galibi iyakar ita ce ƙasarsa. Kamar mai biki ne a Tudun Wada da ya ce duk wanda ya zo daga cikin gari shi zai biya masa kuɗin mota. Bai ce zai biya kuɗin jirgin wanda ya taso daga Jidda ba. Idan aka kira lambar kyauta daga wata ƙasa, ko dai kiran ya ƙi shiga, ko a ji murya tana cewa babu wannan lamba, ko kuma ya shiga amma a ci kuɗi kamar kowane kiran ƙasar waje. Na ukun ya fi ciwo, don mutum yana can ya saki jiki yana jiran a ɗauka, katinsa kuwa yana ƙonewa.

Kowace ƙasa da alamarta. A Amurka da Kanada lambar kyauta takan fara da 800, 888, 877, 866, 855, 844 ko 833. Ta 800 ce ta fara fitowa. Da ta kusa cika sai aka ƙara 888 a 1996, sauran suka biyo baya. A Ingila 0800 ne da 0808. A Saudiyya 800 ne, sai lambobi 7 su biyo.

Ga yadda ake gwadawa daga nan Kaduna. A fara da alamar +. A babbar waya ana samun ta idan aka danna 0 aka riƙe. A yawancin ƙananan wayoyi masu madannai kuwa sai a danna tauraro sau biyu da sauri. Bayan ta sai lambar ƙasa: 1 ta Amurka da Kanada, 44 ta Ingila, 966 ta Saudiyya, 234 tamu. Idan lambar ta fara da sifili, a yar da sifilin. Wato 0800 ta Ingila za ta koma +44 800. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, sai a yi ta ɗora wa layi laifi alhali sifili ɗaya ne ya tare hanya.

Akwai wata kuma mai farawa da +800, sai lambobi 8. Wannan ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke raba ta. Kada a sa mata 1 a gaba: +800 daban, +1 800 daban. Ita ma ba daga ko'ina take shiga ba, sai ƙasashen da mai ita ya yi rajista.

Karanta wannan hira da babbar murya, mutum biyu-biyu:

"Baba, ga katin bankinka. Kafin mu tafi sansanin alhazai na Mando, bari mu rubuta lambar bankin."

"Ai tana cikin wayata, 'yar nan. Ta kyauta ce ma."

"Ta kyauta ce a nan, Baba. Idan na'urar cire kuɗi ta riƙe maka kati a Makka, ba lalle ta shiga ba."

"To wacce zan kira?"

"Ka juya bayan katin. Idan akwai wata lamba ta biyu, ita za mu rubuta da +234 a gabanta. Idan babu, gobe mu shiga banki mu tambaya."

"Allah ya yi miki albarka. Rubuta min da manyan baƙaƙe."

Shawarar yarinyar nan ita ce ta fi kowace dabara. Kusan duk kamfanin da ke da lambar kyauta yana da lamba ta yau da kullum domin masu kira daga waje, sai dai ba ya tallata ta. Takan ɓuya a bayan kati, ko ƙasan rasit, ko a takardar tikitin jirgi. A neme ta tun ana gida, a gwada ta, a rubuta a takarda a sa cikin jaka tare da fasfo, don waya na iya ɓata ko cajinta ya ƙare. Haka ɗan kasuwar da ke da shago a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya sayi kaya daga Amurka: ya nemi lambar da ba ta fara da 800 ko 'yan'uwanta ba, ko ya roƙi wani nasa da ke can ya kira a madadinsa. Wasu manhajojin kira ta intanet suna iya shigar da lambobin kyauta na Amurka, amma suna sauya ƙa'idarsu ba sanarwa mai yawa. Skype da mutane suka daɗe suna dogaro da ita an rufe ta a watan Mayu na 2025. Kuma wanda ya tafi da layinsa na Najeriya ƙasar waje ya sani cewa kuɗin kira a can ya fi na gida tsada, ko da lambar kyauta ya kira.

A duba agogo kafin a kira. Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Birnin New York yana bayanmu da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka ƙarfe 9 na safe a unguwar Kawo ta Kaduna, su can ba su ma farka ba.

Wani lokaci za ku ga lambar Amurka an rubuta ƙarshenta da haruffa. Ku dubi madannan waya: 2 tana da ABC, 3 tana da DEF, haka har 9 mai WXYZ. Kowane harafi a danna lambarsa sau ɗaya tak. KADUNA, misali, za ta zama 523862.

Gargaɗi ɗaya, kuma mai nauyi ne. 'Yan damfara su ma suna iya mallakar lamba mai farawa da 800. Kada a ɗauki lamba daga saƙon da ba a san wanda ya turo ba. Banki na gaskiya ba zai tambayi lambar sirrin katinku ba, ko lambar da ya turo muku ta saƙo don tabbatar da ciniki. Duk wanda ya tambaya, a kashe waya.

Aiki: kowa ya rubuta lambar wayarsa a littafi yadda ɗan'uwa zai kira ta daga Madina. Sannan ya mayar da sunan unguwarsu lambobi, ya miƙa wa na kusa da shi ya duba. Mai katin banki ya dubi bayansa a gida, ya kwafo lambar kiran bankin kawai, ban da lambobin katin, a zo da ita darasi na gaba.