Yadda Ake Sauraron Symphonic Black Metal Har A Ji Karin Da Ke Ƙarƙashin Hayaniyar

Yawancin waɗanda suka kunna symphonic black metal, wato kiɗan jitar lantarki mai tsananin ƙara da ake haɗawa da sautin taron makaɗa, a karon farko ba sa kai minti biyu suke kashewa, kuma matsalar iri ɗaya ce. Kunne ya saba bin murya da ganga, a wannan kiɗa kuwa ba su ne ke ɗauke da waƙar ba. Muryar kururuwa ce da aka tura can baya, gangar kuma gudu take yi ba numfashi. Karin waƙar yana wurin fiyano (na lantarki, mai kwaikwayon sautin wasu kayan kiɗa) da jita, kuma tafiyarsa a hankali take. Aikin mai sauraro shi ne ya ɗauke kunnensa daga abin da ke gudu ya ɗora shi kan abin da ke tafiyar hawainiya. Duk sauran shirin da za a yi, don wannan ne.

Sunan ya fito ne daga kundin Black Metal na ƙungiyar Venom ta Ingila, na 1982, amma sautin da ake nufi yau a Norway ya nuna, a farkon shekarun 1990. Ƙungiyar Emperor ce ta fito da fiyano fili a kundinta In the Nightside Eclipse na 1994, wanda aka naɗa a situdiyon Grieghallen da ke birnin Bergen. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka nufi girma da tsabtar sauti, har Dimmu Borgir ta ɗauko ƙungiyar makaɗan Prague Philharmonic a kundin Death Cult Armageddon na 2003. Wasu suka rage gudu suka koma gina yanayi da labaran ƙagaggun duniyoyi, kuma Summoning ta birnin Vienna a Ostiriya ce jagabarsu.

Kayan sauraro

Sifikar waya ba ta da amfani a nan. Ba ta fitar da sautin ƙasa, tana kuma cure hagu da dama wuri guda, alhali jita biyu ake rabawa, ɗaya a kowane kunne, fiyano ya shimfiɗu a tsakani. A sifikar waya abin da zai rage maka shi ne tsuwwar farantan ƙarfe na ganga da ƙarar jita kawai. Hedifon mai rufe kunne ya fi, iyafis mai roba da ke toshe kunne sosai ma ya wadatar. Idan robar ba ta zauna daidai ba, sautin ƙasa yana zurarewa, sai kiɗan ya zama siriri mai huda kunne. Gwada girman roba na gaba kafin ka ɗora wa kundin laifi.

Ingancin fayil yana da tasiri a wannan kiɗa fiye da sauran. Manhajar da ke matse sauti zuwa MP3 tana shan wahala da ƙarar da ta cika ko'ina ba tare da gurbi ba, kuma hakan black metal yake daga farko har ƙarshe. A 128 kbps farantan ganga sukan yi wani shuu mai kama da ruwa na motsi, amsa-kuwwar fiyano kuma ta dagule. Nemi 256 ko 320 kbps, ko FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, idan akwai wuri. Lissafinsa: 320 kbps yana cin megabayit 2.4 a minti, wato kusan 144 a kundi mai tsawon sa'a guda, FLAC kuma yakan ninka hakan sau biyu zuwa uku. Shafin sayar da kiɗa na Bandcamp yana ba da FLAC ga wanda ya saya. A manhajojin sauraro ta intanet, shiga saiti ka ɗaga inganci da hannunka, domin da yawa suna rage shi da kansu idan data ake amfani da ita.

Sai abubuwa huɗu da za ka kashe: ƙarin bes, sautin kewaye na bogi da wayoyi ke zuwa da shi, cakuɗa jerin waƙoƙi, da narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon wata. Ƙarin bes yana kumbura gangar ƙafa har ta danne fiyano. Sautin kewaye yana ƙara amsa-kuwwa a kan kiɗan da tuni ya jiƙe da ita. Cakuɗawa kuwa tana rusa tsarin kundi, don yawancinsu da gabatarwar fiyano suke buɗewa, wadda ke shirya kunne kafin jita ta faɗo.

Idan ƙarar jitar tana sukar kunne, buɗe ikwalaiza, wato saitin da ke ƙara ko rage sassan sauti, ka rage desibel 2 zuwa 3 a wajen 3 zuwa 4 kHz. Nan ne kunnen ɗan Adam ya fi ji, nan ne kuma jitar tsofaffin kundaye ta taru. Kar ka wuce desibel 4, in ba haka ba bugun gangar ƙafa zai ɓace, kiɗan ya zama kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa.

Batun ƙara sauti yana buƙatar kashedi. Sabon shiga yakan yi ta ƙarawa da fatan kari zai fito, amma tsuwwa ce ke ƙaruwa, kunne ya gaji a minti goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar manya a desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Tsaya a rabin ma'aunin waya zuwa kashi 60 cikin ɗari. Idan ka cire hedifon ka ji kunne na ƙara, ka wuce gona da iri.

Horar da kunne

Fahimci lissafin gudun tukuna. A waƙar da ke tafiya bugu 200 a minti, mai jita yana kaɗa tsirkiya sama da ƙasa kusan sau 13 a daƙiƙa, salon da ake kira tremolo. Mai ganga kuma yana musayar gangar ƙafa da ta hannu babu tsayawa, abin da suke kira blast beat. Amma hannun hagu na mai jita, wanda ke zaɓar sauti, yakan zauna wuri ɗaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Saboda haka bugun goma sha ukun nan sauti guda ne da aka ja. Ka ɗauki gangar kamar ruwan sama a kan rufin kwano: bayan ɗan lokaci ka daina jin ɗigo ɗaya-ɗaya, sai ka ji shi a matsayin shimfiɗa, har ka iya jin maganar da ake yi a cikinsa.

Zaɓi waƙa ɗaya ka saurare ta sau uku a jere, kowane zagaye da aikinsa.

A zagaye na farko bi fiyano kaɗai. Nemo sautin da ya fi kowanne tsawo, wanda ya yi kama da goge da yawa ko taron muryoyi suna jan "aaa", ka riƙa yin gunaguninsa a maƙogwaro. Idan ka iya rera shi, ka kama waƙar. Idan ya ɓace maka, kar ka koma baya, jira kawai, domin wannan kiɗa maimaici ne ginshiƙinsa, karin zai dawo bayan zagaye huɗu ko takwas.

A na biyu koma kan jita. Kada ka ƙirga bugun tsirkiya, ƙirga lokutan da sautin ya sauya matsayi, ka ɗaga yatsa duk sanda ya hau ko ya sauka. Za ka tarar sauye-sauye huɗu ne ko makamancin haka ke zagayawa. Daga nan lura da dangantakarsa da fiyano. A wasu wuraren abu ɗaya suke faɗa, fiyano yana kauri ne kawai. A wasu kuma jita na sauka fiyano na hawa, kuma waɗannan wurare ne gwanintar mai tsara waƙa ke fitowa. Emperor ta ƙware a wannan, musamman a Anthems to the Welkin at Dusk na 1997.

A na uku sai ganga da murya. Abin lura a ganga shi ne inda ta sauya taku: gudu ya yanke ya koma rabi, kari bai canza ba amma ya zama kamar ya buɗe. Wannan sauyi ne yawancin masoya kiɗan ke jira. Muryar kuma ka ɗauke ta a matsayin wani kayan kiɗa. Kula da inda take shigowa da tsawon da take ja, kalmomin a takarda za ka same su.

Da wanne za a fara

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da kundin da ya fi suna. In the Nightside Eclipse ginshiƙi ne, amma sautinsa hazo ne, fiyano da jita sun narke cikin juna, sabon kunne ba zai raba su ba. A bar shi zuwa mataki na uku ko na huɗu.

Summoning ta fi sauƙin shiga. Mutum biyu ne, Silenius da Protector, ba sa wasa a dandali, kuma tun daga Minas Morgul na 1995 gangar na'ura suke amfani da ita. Ba sa gudu. Gangarsu takun mayaƙa ce da manyan tambura, waƙoƙinsu kan kai minti bakwai zuwa goma, kuma gini suke yi hawa-hawa: kari ɗaya ya fara shi kaɗai, ƙaho ya hau kansa, jita ta biyo, sannan wani kari na biyu ya ratsa na farko. Ƙirga hawan da yatsu, ka lura da wanda aka cire idan waƙar ta lafa. Stronghold na 1999 ya fi ba jita fili, Let Mortal Heroes Sing Your Fame na 2001 ya fi ba fiyano. Wanda ya fi son kari ya fara da na biyun.

Bayan su sai Echoes of Battle na Caladan Brood daga jihar Utah ta Amurka, na 2013. Waƙoƙi shida ne a fiye da sa'a guda, da muryoyin maza masu rerawa a fili, waɗanda ke ba kunne wurin hutawa. Daga nan Enthrone Darkness Triumphant na Dimmu Borgir, na 1997, zai koya maka gudu cikin sauti mai tsabta. Bal-Sagoth ta Ingila daban take: mai ba da labari ne ke magana da kakkaurar murya a kan kiɗa mai yawan juyi, wasu na ganin abin ya yi yawa, kuma suna da hujja.

Kundi ɗaya a zama ɗaya ya isa, a ba shi sauraro uku zuwa biyar cikin mako kafin a yanke masa hukunci.

Kalmomi da labari

Karanta kalmomin kafin sauraro na biyu, ba a lokacinsa ba, don ido na kan rubutu kunne yakan saki fiyano. Summoning daga littattafan J.R.R. Tolkien take ɗibar kusan komai, har waƙar Mirdautas Vras ta kundin Oath Bound na 2006 da harshen da marubucin ya ƙirƙira wa Mordor, wata ƙagaggiyar ƙasa a littattafansa, aka rera ta. Caladan Brood kuma daga jerin littattafan Malazan na Steven Erikson. Ba dole sai ka karanta su ba, amma sanin cewa waƙa a kan faɗuwar birni take ko a kan doguwar tafiya yana sauya yadda kake jin takun gangar.

Akwai kuma dalili na biyu na dubawa. Black metal yana da tarihi mai duhu: an ƙona majami'u a Norway, ciki har da ta Fantoft a 1992, an kashe Euronymous na ƙungiyar Mayhem a 1993. Ƙungiyoyi da yawa, har da Dimmu Borgir, kalmominsu na shaiɗanci ne da adawa da addini, wasu tsiraru kuma na wariyar launin fata. Reshen ƙagaggun labarai galibi yaƙi da duwatsu da sarakunan almara yake waƙewa, amma suna ko hoton kundi ba ya isa shaida. Shafin Encyclopaedia Metallum yana rubuta jigon kalmomin kowace ƙungiya a ƙarƙashin sunanta, dubawar minti ɗaya ce kafin ka sauke.

Idan har yanzu bai shiga ba

Idan waƙoƙin duk sun zama iri ɗaya a kunnenka, alama ce har yanzu ganga kake bi, koma zagayen gunaguni. Idan kai na ciwo bayan minti ashirin, sauti ya yi yawa ko 3 kHz na buƙatar ragi. Idan fiyanon ya yi maka kama da na wasan yara, ba kunnenka ba ne: kayan shekarun 1990 ne masu araha, ana kwaikwayon goge da ƙaho da su, kuma masoya da yawa wannan sautin suke so. Wanda bai iya jure shi ba ya koma kundayen da aka yi da makaɗa na gaske.

Idan kuwa muryar ce ta gagara, akwai dungeon synth, salon fiyano zalla da ya tsiro daga wannan da'ira, wanda Mortiis, tsohon mai jitar bes na Emperor, yake cikin waɗanda suka fara shi. Yanayin ɗaya ne, babu kururuwa babu blast beat. Yi mako biyu da shi, sannan ka koma Summoning ka nemi irin wannan karin a bayan jita.