Yadda Ake Buɗe Gidan Zanzaro Ba a Ɓata Abin da Ke Ciki Ba

Duk damina sai na ga malami ko uba ya ɗauki dutse ya fasa gidan zanzaro don ya nuna wa yara, a ƙarshe babu abin gani sai ƙura da matattun tsutsotsi. Ni ma haka na fara da 'yan ajina a Tudun Wada.

Da farko ka tabbatar na zanzaro ne. Nasa na laka ne, manne da bango ko ƙarƙashin rufi. In ka ga mai kama da takarda yana rataye, da ƙwari a kansa, wannan na rina ne, ka ja yara baya. Su taron dangi suke yi, kuma ɗaya tana iya harbi sau da yawa. Macen zanzaro kuwa ita kaɗai ke gininta, ba ta tsaron gida, da wuya ta harbi mutum in ba damƙe ta ya yi ba. Namijin ma ba shi da ƙari sam.

Sai zaɓen gida. Wanda ke da ƙananan ramuka a jiki, masu shi sun riga sun fita. Nemi wanda aka liƙe ruf, lakar ta bushe amma sabuwa ce. A Kaduna daga Yuni zuwa Satumba ba ka rasawa, musamman kusa da rijiya ko famfo, inda take ɗibar laka da baki.

Ga inda ake ɓata aiki. Kada ka fasa ta gaba. Gaban ne ta yi wa yaɓe mai kauri, bayan kuwa bango ne ya rufe mata ɗakunan. Sa faranti a ƙasa, ka zura siririyar wuƙa tsakanin gidan da bango, ka riƙa turawa a hankali daga gefe zuwa gefe har ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Da ka kifa shi za ka ga ɗakunan a jere. Sau biyu ina murƙushe tsutsar zanzaron da ke ciki da kaifin wuƙa saboda gaggawa, yara suna kallo, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Wuƙar cin abinci ta fi ta kicin, ba na yarda da reza.

Da tsinken tsintsiya za ka zaro abin da ke ciki. Gizo-gizo ne cunkus, kuma yawancinsu da ransu. Harbinsu ta yi, dafin ya shanye musu jiki, don kada naman ya ruɓe kafin ɗanta ya ci. Taɓa ƙafar ɗaya, wani lokaci za ka ga ta ɗan motsa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a kowane ɗaki, a jikin gizo-gizo, sannan ta toshe ƙofa ta tafi. Muna yara an ce mana zanzaro satar tsutsa yake yi ya mai da ita ɗansa. A nan yaro zai gani da idonsa cewa abincin ne aka sato, ɗan nata ne.

Ba sai ka sayi gilashin ƙara girma ba, kyamarar waya ta isa.

In ka tarar da kwanso ruwan ƙasa, wanda tsutsar ke kwanciya a ciki kafin ta zama zanzaro, kada ka yaga. Sa shi a kwalba, ka rufe bakin da ƙyalle, ka ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kaiwa. Ran da zanzaron ya fito, a buɗe masa taga. Gida ɗaya ya ishi aji guda, sauran a bar su.