Yadda ake adana aikin PowerPoint a filashi kafin ranar gabatarwa

Duk lokacin da zangon karatu ya zo ƙarshe a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, shagunan kwamfuta na unguwar Yelwa a Bauchi kan cika da ɗaliban da ke shirin kare kundin bincikensu, kowa riƙe da filashinsa. Haka ma ma'aikatan da ake gayyata taron bita, domin galibi kwamfuta ɗaya ce ake haɗawa da majigi a gaban ɗaki, kowa ya kawo aikinsa ya saka. Saboda haka abin da ake nema shi ne aikin ya buɗe a kwamfutar da ba taka ba, kuma ya fito kamar yadda ka tsara shi a gida.

Da farko ka adana aikin a cikin kwamfutarka ta hanyar danna Ctrl da S tare, ka ba shi suna wanda za a gane da kallo ɗaya, wato sunanka da taken aikin da kwanan wata. A ɗakin da mutum ashirin suka zuba fayilolinsu a kwamfuta guda, wanda ya bar sunan da manhajar ta ba shi zai ɓata lokacin alƙalai yana laluben nasa. Daga nan ka rufe PowerPoint, ka saka filashin, ka danna maɓallin Windows da harafin E, sai taga ta buɗe. A gefen hagu, ƙarƙashin This PC, za ka ga filashin da harafi kamar D ko E a gaban sunansa. Ka danna fayil ɗinka sau ɗaya, ka kwafe shi da Ctrl da C, ka shiga filashin ka sauke shi da Ctrl da V.

Akwai hanya ta biyu, wato danna F12 alhali aikin yana buɗe, a zaɓi filashin a adana kai tsaye. Tana aiki, amma ni na fi son ta farko, saboda da zarar an adana da F12, duk gyaran da aka yi bayan nan a kan filashin yake sauka, na cikin kwamfuta kuwa ya tsaya a yadda yake, sai mutum ya wayi gari da kwafi biyu bai san wanne ne sabo ba. Ban da wannan, yin aiki kai tsaye a kan filashi ganganci ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, domin idan kwamfutar tebur ta mutu tana tsakiyar adanawa, ko gwiwa ta bugi filashin ya goce, fayil ɗin na iya lalacewa ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Tun daga Office 2007, fayilolin PowerPoint suna ƙarewa ne da pptx, kuma shi ya kamata ka ɗauka. Amma ka ƙara kwafi na biyu a tsarin PDF, wanda za ka samu a jerin da ke ƙasan wurin rubuta suna idan ka danna F12. PDF ba ya ɗaukar motsin da ka sanya wa rubutu, amma kusan kowace kwamfuta tana buɗe shi ko da babu Office a cikinta, kuma shafukan ba sa hargitsewa. Wanda ya yi aikinsa a Google Slides sai ya shiga File, ya zaɓi Download, ya sauke shi a matsayin pptx tun yana da data, kada ya dogara da sabis ɗin ɗakin taro. Wanda kuma ya tsara nasa a waya da WPS Office zai iya haɗa filashin da wayar ta 'yar mahaɗar nan da ake kira OTG.

Batun da ya fi damuna shi ne na haruffa, musamman ga mai rubutu da Hausa. Fayil ɗin yana ɗauke da sunan salon rubutun da ka zaɓa ne kawai, shi kansa salon yana nan a kwamfutarka. Idan kwamfutar ɗakin taro ba ta da shi, sai ta musanya shi da wani, layuka su zarce iyakarsu, take ya hau kan hoto, haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma su fito da wata siffa dabam ko su koma 'yan akwatuna. Abin takaici ne malamin Hausa ya tsaya gaban ɗalibai, kalmar ƙasa ta bayyana a bango da akwati a farkonta. Maganin yana cikin File, sai Options, sai Save, inda a can ƙasa za ka ga Embed fonts in the file, ka sa masa alama. Zaɓi biyu ne a ƙarƙashinsa: na farko yana ɗaukar haruffan da ka yi amfani da su kaɗai, na biyu yana ɗaukar dukkan salon, kuma shi ya fi dacewa idan akwai yiwuwar yin gyara a wata kwamfutar. Wasu salon rubutun masu su ba su yarda a ɗauke su haka ba, don haka mafi kwanciyar hankali shi ne a tsaya ga Arial ko Times New Roman tun farko.

Idan akwai bidiyo a aikin, ka tabbata an saka shi a ciki ne, ba nuni kawai aka yi zuwa inda yake a kwamfutarka ba, sannan ka ajiye asalin bidiyon a folda ɗaya da fayil ɗin, ka kwafe foldar dungurungum. Na YouTube ba zai kunnu ba sai da intanet. Filashin da ke kan tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, ko da akwai sarari.

Kada ka fizge filashin da ka ga kwafin ya gama. Ka nemi 'yar alamarsa kusa da agogo a ƙasan allo, ka danna Eject, ka jira saƙon da ke cewa an iya cirewa. Daga nan sai gwajin da mutane da yawa ke tsallakewa: ka kai shi wata kwamfutar, ta aboki ko ta ofis, ka buɗe aikin daga filashin, ka danna F5, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, kana duba haruffa da hotuna da sauti. Idan da hali ka tambayi irin majigin da za a yi amfani da shi, domin tun daga PowerPoint 2013 shafuka masu faɗi na 16:9 ne ke fitowa, alhali tsofaffin majigai na 4:3 ne, kuma ana gyara wannan a Design, ƙarƙashin Slide Size.

Filashin da ya zaga kwamfutoci da yawa yakan kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar wasu na bogi masu 'yar kibiya a kusurwa. Idan ka ga haka kada ka danna su, domin dannawar ce ke yaɗa cutar, kuma yawanci fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Ka sa Microsoft Defender, wato maganin bairos da ke zuwa da Windows, ya bincike filashin tukuna. Saboda irin wannan, da kuma filashin jabu masu arha da ke nuna girman da ba su da shi, ka aika wa kanka kwafi ta imel ko ta WhatsApp a daren da ka gama. Ranar gabatarwa kuma ka isa da wuri, ka kwafe aikin daga filashin zuwa kwamfutar ɗakin ka buɗe shi daga can, ka cire filashinka ka rufe bakinsa saboda ƙurar hunturu, idan ka kammala ka goge kwafin kafin ka fita.