Kurakuran da aka fi yi wajen wanke kaburetar ƙaramin inji

Da rani ya kama, masu lambu daga fadamar Gulbin Maradi har Jiratawa da Madarunfa sun dogara ne ga injin ban ruwa. Shi da ƙaramin janareta da ƴar taraktar yankan ciyawa, kaburetarsu, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska ta aika wa inji, kusan tsari ɗaya ce: kwano a ƙasa inda mai ke taruwa, roba mai yawo bisa man da allurarta da ke rufe hanyar mai idan kwanon ya cika, sai jiklar, wato ƴan ƙusoshin tagulla masu siririn rami da mai ke bi ya haɗu da iska. Abin da ke damuna shi ne, kabureta da yawa dauɗa ba ta kashe su ba, hannun mai wankin ne ya ƙarasa su.

Babban kuskure shi ne sokar jiklar da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla tana da laushi, kuma an auna faɗin ramin ne daidai da man da injin ke bukata. Ka soka ƙarfe ka murza, ramin ya buɗe. Injin zai tashi, ka ce aiki ya yi, amma daga ranar sai baƙin hayaƙi, buji (fulogin da ke ba da wuta) ya dinga yin baƙi, litar da ke kai ka azahar ta ƙare da hantsi. Ramin da ya buɗe ba ya komawa, sai dai a sayi wata jiklar. Wankin da ya dace shi ne a fesa maganin wankin kabureta a ramin, a hura iska, a ɗaga jiklar wajen haske a ga rana ta ratsa. In ta ƙi, a zare silin waya guda mai laushi daga igiyar lantarki a zura a hankali, ba murzawa.

Wasu kuma kwano kawai suke kwancewa, su zubar da laka, su mayar. A irin injin Honda GX160 da masu kama da shi da suka cika kasuwa, kile mai lamba 10 ke buɗe kwanon, amma babbar jiklar tana cikin sandar tsakiya, bisanta akwai bututu mai ƙananan ramuka a gefe, sannan akwai ƙaramar jiklar ta sulo, wato ta lokacin da inji ke tafiya a hankali, daga sama. Ita ce aka fi mantawa. Idan inji yana hawa yana sauka shi kaɗai, ko ba ya zama sai an ja cok (marufin da ke rage iskar da ke shiga kabureta) rabi, to mai ne bai isa ba, kuma sau da yawa nan toshiyar take. Barin cok a ja don a ci gaba da aiki ɓoye ciwo ne kawai.

Kada a jiƙa robar bakin kwano da kan allura cikin maganin wanki, yana kumbura su. Kada kuma a hura iskar kwamfuresa alhali robar mai yawo tana ciki. Wajen mayarwa, ɗaurin ƙarfi yana cinye zaren ƙusa, domin jikin kaburetar ba ƙarfe mai tauri ba ne. Kafin ka kwance siririn sifirin da sandar gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ɗauki hotonsu da wayarka, ka mayar da kowanne raminsa ba tare da lanƙwasawa ba.

Sai kuskuren da ke maido da mutum wajen makanike bayan mako guda: wanke kabureta a bar tanki da dauɗarsa. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ƙura ko ɗigon ruwa, wani lokaci daga jarkar da aka zuba shi. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake kwanciya a gindin tanki da kwano, ya haifar da tsatsa. A juye tankin, a wanke ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin famfon mai, a duba tiyo ko ya fara farfashewa daga ciki, a riƙa tace mai da tsumma mai tsabta. Filtar iska ma haka. Da hunturu, ƙurar da ke tashi a Maradi tana toshe soson filtar cikin ƴan kwanaki, sai wani ya cire shi ya jefar wai inji ya sha iska. Wannan ƙurar ba a kabureta take tsayawa ba, har cikin silinda take shiga tana cin ringi, wato zobban fistin. A wanke soson da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa man inji kaɗan a matse.

Idan ka tarar mai na zuba daga kabureta, galibi allura ce ba ta rufewa. Bayan gyara ka sansana baƙin man injin. In yana warin fetur ko ya ƙaru a ma'auni, canza shi kafin ka tayar. Rufe famfon mai duk lokacin da za a ɗora injin bisa amalanke ko babur.

Da damina ta sauka aka daina ban ruwa, kar a jingine inji da mai a cikinsa. Fetur da ya yi watanni yana bushewa ya bar danƙo a ramukan. A rufe famfo, a bar injin ya ci abin da ke kwano har ya mutu da kansa, sannan a kwance ƙusar gefen kwanon a tsiyaye sauran.