Surukai za su zo maka ƙarshen mako? Ga yadda za ka fita da su ba tare da ka gajiyar da su ba

Karon farko da iyayen matata suka ce za su zo mana kwana biyu, wallahi sai da na cika takarda guda da wuraren da zan kai su, har da ƙarfe nawa za mu isa kowanne. Wuri shida. Uku muka samu zuwa, a na ukun ma Baba ko saukowa daga mota bai yi ba, cewa ya yi "ku je ku gano mana, ina nan", da murmushi ya faɗa amma ni na san ƙafa ce ta ƙi. Tun daga ranar na sauya salo. Da namiji nake magana saboda ta nan na san abin, amma ke ma da iyayen maigida za su zo miki duk ɗaya ne.

Kafin ka tsara komai zauna da matarka ka yi mata tambayoyi, ita ta san iyayenta, kai hasashe kawai kake yi. Ƙarfe nawa suke kwanciya, ƙarfe nawa suke karyawa, me likita ya hana su, waye gwiwa ke damu, waye ba ya son hayaniya. Su da kansu ba za su faɗa maka ba, duk abin da ka tambaya "ba komai, duk yadda kuka yi daidai ne" za ka ji, kuma ba daidai ba ne, kawaici ne kawai.

Maganar lafiya ita ce zan ɗan tsaya a kai domin ita ke juya tsarin gaba ɗaya. Idan akwai mai ciwon suga, musamman wanda ke kan allurar insulin, lokacin cin abinci ba abin wasa ba ne, in aka jinkirta suga zai iya faɗuwa, mutum ya fara rawar jiki da gumi da jiri kuna tsakiyar gosulo. To ka sa wani abu mai zaƙi a mota da ɗan abin taɓawa, kuma kada a bar allurar a cikin motar da aka faka a rana, zafi yana lalata ta. Mai hawan jini kuma wasu magungunan suna sa yawan fitsari, ke nan duk inda za ku je sai ka san ina banɗaki yake kuma yana da tsabta ko a'a, don babu dattijon da zai so ya yi ta tambayar surukinsa wannan. Kai za ka riƙa tsayawa da kanka kamar kai ne mai buƙata. Sannan tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar mu, miƙa musu ruwa kawai, kar ka jira su nema.

Ɗakinsu kuwa ba sai an yi wani ƙawa ba. Shimfiɗa mai tsabta, tawul, ruwan sha, soket kusa da gado don cajin waya, da ƙwan fitila a kunne a hanyar banɗaki da dare, saboda gidan baƙo ne a wurinsu kuma faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce. In gidan bene ne ba su ɗakin ƙasa ko da naku ne.

Ranar da suka iso kar ka fita da su ko'ina. Su yi wanka, su ci abinci a gida, a yi hira, shi ke nan.

Asabar ita ce ranar yawo, kuma wuri ɗaya babba ya isa, in ka matsa sosai biyu. Ku fita da safe bayan karin kumallo, ku dawo kafin rana ta take, su kwanta su huta, da yamma sai a fita cin abinci. Wajen zaɓen wurin ka duba abin da su suke so, ba abin da kai kake alfahari da shi ba. Wanda ya yi rayuwarsa yana koyarwa zai iya awa biyu a gidan tarihi bai gaji ba, wata kuma ba abin da take so irin ta zaga kasuwa ta taɓa kaya ta tambayi kuɗi ko ba za ta saya ba, wani kuwa ka kai shi bakin ruwa ko lambu ka ba shi kujera ka gama masa komai. Kuma wani abu da na lura, sau da yawa abin da ya fi burge su shi ne ka bi da su ta wurin aikinka, makarantar jikokinsu, asibitin da kuke zuwa, ko daga cikin mota ne, don ainihin abin da ya kawo su ke nan, su ga yadda 'yarsu take zaune.

Dan Allah kar ka kai su wurin da kai ma ba ka taɓa zuwa ba. Je ka gano da idonka a cikin satin: nisan wurin fakin da ƙofa, matakala nawa, akwai wurin zama a inuwa, suna buɗewa ranar. Google Maps yana nuna lokacin buɗewa da lokacin da wuri ya fi cika, amma wani lokaci bayanin tsoho ne, kira ka tabbatar.

Gidan abinci ma haka, wanda ka sani ka yarda da shi. Kira ka kama wuri tun da sauran lokaci, ka nemi tebur a gefe nesa da lasifika, domin mai ɗan raunin ji ba zai ji komai a cikin kiɗa ba, sai ya yi ta gyaɗa kai har a tashi. In aka kawo takardar abinci za ka ga suna laluben mafi arha, to kai ka rigaye su, ka ce "Mama, wannan suna yin shi da kyau a nan, a kawo muku?" Kar ka mayar da daren wurin gwajin sabon abinci, a samu wani abu da suka saba da shi a teburin. Mai hawan jini a ce a rage masa gishiri tun daga kicin. Kuɗi kuma, tashi kamar za ka wanke hannu ka biya a kanta, kar bil ya zo tebur a fara ja-in-ja da Baba a gaban ma'aikata. Idan ya nace sai ya yi wani abu, bar shi ya sayi wa yara ɗan wani abu a hanya, ransa zai yi daɗi.

Wajen hira, siyasa da maganar kuɗi da yadda ake tarbiyyar yara, in sun taso saurara kawai ka ce "haka ne Baba", kwana biyu ne fa. Tambaye su labarin da, yadda suka haɗu, ƙuruciyar matarka, nan za ka ga baki ya buɗe. Kuma ka nemi wani uzuri ka fita na awa ɗaya ko biyu ka bar ta da iyayenta, akwai maganar da ba za a yi kana zaune ba.

Lahadi kar ka sa komai mai nauyi. A ɗauki hoto tun da safe kafin a fara haɗa kaya, ka duba ɗakin da kyau don magani da tabarau da caja su aka fi mantawa, ku fita tasha ko filin jirgi da sauran lokaci a hannu. Da yamma kai da kanka ka kira ka ji sun sauka lafiya, kar ka bar wa matarka ita kaɗai.